In An Hana Biza, Me Ya Rage?

Ɗan Nijar mai son zuwa Turai sai ya nemi biza, kuma ba kowa ke samu ba.

Tun watan Yuni na 2024, kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne, wajen jika 59 na sefa. In an hana, kuɗin ba su dawowa.

Amma ana ba mutum takarda mai faɗin dalili. Ya kai ta ga mai karatu ya fassara masa. Sau da yawa dalilin shi ne ba a yarda zai komo gida ba. Kafin ya sake nema, ya tara shaidar abin da ke riƙe da shi: takardar gona, ta aure, ta haihuwar yara.

Wasu, don fushi, sai su nemi dillalin takardun jabu, ko su bi hamada. A watan Oktoba na 2013, mutum 92, yawancinsu mata da yara, suka mutu da ƙishirwa arewa da Arlit.

Wanda aka hana biza, gonarsa da bisashensa suna nan. Kada ya sayar da su ya ba dillali.