Ko Kun Sani?

Ko kun san farin magi da daddawa sinadari ɗaya ne sirrin daɗinsu? Sunansa gulutamet. Cikin tubalan furotin 20, shi da asfatet ne kaɗai masu ƙarin asid a reshensu. A 1908 Kikunae Ikeda na Jami'ar Tokyo ya tace shi daga wani ganyen teku, a 1909 kuma farin magin Ajinomoto ya shiga kasuwa. A daddawa kuwa, idan aka rufe dafaffiyar kalwa ta kwana biyu ko uku, ƙwayoyin bakteriya ne ke farfasa furotin ɗinta, gulutamet ya fito. Ƙwaƙwalwa ma da shi ƙwayoyinta ke aika wa juna saƙo wajen koyo da hadda, amma ita ke haɗa nata, ba daga miya take ɗiba ba.