Tasin Belfast da Ke Kai Baƙi Gindin Katanga

A Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, baƙo kan ɗauki shatar baƙar tasi, direban kuma ya zama ja-gorarsa. Irin waɗannan motoci sun bunƙasa ne a shekarun 1970, lokacin da rikici ya hana bas shiga wasu unguwanni. Yau suna ratsa Falls, unguwar 'yan Katolika masu son haɗewa da Ireland, su ƙetara Shankill ta 'yan Furotesta masu biyayya ga Birtaniya. Direbobi da dama cikin rikicin suka tashi, don haka tarihin da baƙo zai ji ya danganta da unguwar da direbansa ya fito. Katangar da aka fara ginawa a 1969 tana nan tsaye, kuma duk da sulhun 1998, ana rufe ƙofofinta da dare.