Cibiyar Kasuwanci da Ɗan Kasuwar Karkara: Misalin Boɗinga da Shagari



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne irin taimakon da cibiyar kasuwanci take yi wa 'yan kasuwar yankinta. Na ga ya fi kyau kada mu tsaya a cikin birni inda ofisoshin irin waɗannan cibiyoyi suke. Gara mu bi hanyar nan da ta fita daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, mu yada zango a garuruwa biyu, watau Boɗinga da Shagari. Dalili kuwa shi ne, ba a gane amfanin cibiya da girman ofishinta, sai da abin da ya isa ga mai buhu goma na albasa a kasuwar ƙauye.

Da farko dai ya kamata mu san ko mece ce ita wannan cibiya. A Nijeriya ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Ƙungiya ce ta 'yan kasuwa da masu masana'antu, wadda mutum yake shiga don ganin damarsa, ya biya kuɗin shekara, ya zaɓi shugabanni. Asalinta daga Turai ne, an kuwa fi jingina farkonta ga birnin Marseille na ƙasar Faransa a shekarar 1599. Ta Ikko ita ce ta fari a ƙasar nan, an kafa ta a 1888, a lokacin da kamfanonin Turawa suke riƙe da babban cinikin bakin teku. A 1960 aka kafa uwar ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake kira NACCIMA a taƙaice, ita kuma ta Jihar Sakkwato ana ce da ita SOCCIMA. Sunanta ya haɗa ciniki da masana'antu da ma'adinai da noma, ina kuwa so a riƙe kalmar nan ta ƙarshe, don za mu komo kanta.

Babban aikin cibiya shi ne zama bakin 'yan kasuwa a gaban hukuma. Idan haraji ya yi yawa, ko ana karɓarsa sau biyu a kan kaya ɗaya, ko shingayen hanya sun hana kaya tafiya, ɗan kasuwa guda ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a saurare shi, amma cibiya tana iya neman ganin gwamna ko shugaban kwastan ta kai kuka da sunan kowa. Har wa yau tana shirya kasuwar baje koli, inda mai sana'a yake haɗuwa da masu saye daga nesa. Ta hannun cibiyoyin ne kuma ake samun takardar shaidar asalin kaya, wadda mai fitar da kaya waje yake nunawa don a san a Nijeriya aka noma su ko aka ƙera su. Sa'an nan akwai horarwa a kan ajiye lissafi, da gabatar da ɗan ƙungiya ga banki ko ga abokin ciniki na wata ƙasa, da sasanta rigima tun ba a kai ga kotu ba.

To, galibin waɗannan ayyuka ba baƙi ba ne a ƙasar da muke magana a kanta. Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna a wancan lokaci. Daular da suka kafa ta san matsayin muhtasibi, mai duba mudu da sikeli da hana algus. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a da gyara kasuwanni da hanyoyi a cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba. Ban da wannan, ga tsarin da Hausawa suka gada: sarkin kasuwa mai raba rumfa da kashe husuma, dillali mai haɗa mai saye da mai sayarwa ya tsaya shaida, fatoma mai saukar da baƙo ya ajiye masa kaya ya lamunce shi, madugu mai yi wa ayari magana da sarakunan hanya, da adashi wanda shi ne bankin talaka. Duk wanda ya dubi aikin madugu da na fatoma zai ga cibiyar kasuwanci ce ba tare da takarda ba.

Bari in ɗan ratse. An ruwaito cewa Aliyu, mahaifin Alhaji Shehu Shagari, manomi ne, makiyayi, kuma ɗan kasuwa, amma da aka naɗa shi Magajin Shagari sai ya saki wani sashe na cinikinsa, domin al'ada ba ta yarda mai sarauta ya yi gogayya da talakawansa a kasuwa ba. Mutanen da sun fahimci cewa mai hukunci a kan kasuwa daban, mai cin riba a cikinta daban. Wannan rabuwa ita ce hujjar kasancewar cibiya mai zaman kanta.

Matsalar ita ce, tsarin nan biyu ba su cika haɗuwa ba. Cibiya tana birni, tana aiki da Turanci, kuma bisa ga al'ada tana karɓar wanda ya yi rajistar kamfaninsa. Mafi yawan masu ciniki a Boɗinga da Shagari kuwa ba su da rajista, jarinsu yana cikin gero da dawa da albasa da awaki, lissafinsu yana cikin kai. Mu ɗauki albasa. Ana cire ta da rani, kowa ya kawo tasa kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi. Wanda ya iya ajiyewa zuwa damina ko bayanta yakan sayar da ninkin kuɗin, amma albasa tana ruɓewa a ma'ajiyar gargajiya, kuma manomin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa ba shi da halin jira. Idan ya nufi banki, za a tambaye shi takardar rajista da bayanin asusu da jingina, ba shi da ko ɗaya. Saboda haka ribar takan tafi ga mai kuɗin da ya saya da araha ya ajiye. Ba mugunta ce ta kowa ba, rashin tsari ne, kuma irin wannan giɓi ne aka ƙirƙiro cibiya don ta cike, tun da ita da kanta ta sa noma a cikin sunanta.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna tsadar rashin baki. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai a Disamba na 2020. Aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, har zuwa Maris na 2024. A farkon 2023 kuma canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, wanda ya fi gallabar kasuwannin ƙauye inda ciniki hannu da hannu ne. Duk waɗannan shawarwari a Abuja aka yanke su, ba a tambayi mai rumfa a Shagari ba. Amma a 2021, da ƙungiyar masu noma da sayar da albasa ta ƙasa ta dakatar da kai kaya Kudu saboda asarar da 'ya'yanta suka yi a tarzoma, nan da nan hukumomi suka nemi zama da ita. Ashe ƙarfin yana nan, sai dai a warwatse yake.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi tafarkin Faransa, inda doka ce ta kafa cibiya a matsayin hukuma ta jama'a, mai wakiltar duk wanda ya yi rajistar ciniki. Tsarin yana ba cibiya kuɗi da faɗin wakilci, amma yana kusantar da ita ga gwamnati ƙwarai, har ya yi mata wuya ta ja da ita. A ganina ba sai mun kwaikwaye su ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne cibiya ta buɗe ƙofa ga ƙungiyoyi, ba ga ɗaiɗaikun mutane kaɗai ba. Ƙungiyar 'yan albasa ta Boɗinga, ko ta 'yan tike, ko ta mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta yi rajista sau ɗaya a matsayin ƙungiyar gama kai, ta sami kujera ɗaya, ta yi magana da yawun mutum ɗari. Banki ya fi sakin jiki da ƙungiyar da ke lamuntar 'ya'yanta, wannan kuwa adashi ne aka sa masa hatimi.

Sauran abubuwan ba su buƙatar kuɗi mai yawa. Wakilin cibiya ya riƙa zuwa ran kasuwa ya zauna kusa da sarkin kasuwa, maimakon a jira baƙauye ya biya kuɗin mota zuwa birni. A riƙa sanar da farashin Ikko da Onica da Hausa ta gidan rediyon Rima da ta wayar hannu, don manomi ya san abin da dillali ya sani. A daidaita girman buhu, domin buhun da ake cusa wa kaya har ya yi toliya ana biyan kuɗin buhu ɗaya, haraji ne a ɓoye a kan manomi.

Haka nan fata. Jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya tun zamanin da ake ratsa Sahara da fatarta, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Darajar fatar nan kuwa a hannun mahauci take, gama wuƙa ɗaya da ta huda ta wajen fiɗa ta isa ta sauke ta daga daraja ta ɗaya zuwa ta ƙasa. Mai jima a Kano ya san haka, mai fitar da ita waje ya san haka, amma mahaucin Shagari kuɗi ɗaya ake ba shi ko ya huda ko bai huda ba. Cibiya tana da masu sayen fata a cikin 'ya'yanta, sarkin pawa kuma yana da mahauta a ƙarƙashinsa. Abin da ya rage shi ne a zaunar da su wuri ɗaya su yanke bambancin farashi tsakanin lafiyayyar fata da hudajjiya.