Kama da Wane Ba Ta Wane: Kalmomin Soja Tsakanin Faransanci da Ingilishi

Mafi yawan sunayen muƙamai da na rukunonin mayaƙa da sojojin Birtaniya da Amurka ke amfani da su a yau daga Faransanci suka samo asali, kuma wannan ne ya sa mai nazari, idan ya ɗora jerin muƙaman sojan Faransa kusa da na Ingila, zai ga kusan rubutu ɗaya a ɓangarorin biyu, har ya zaci babu wani aikin fassara da ya rage. Zaton nan kuwa shi ne tushen kurakurai da dama da ake gani a jaridu da rahotanni, domin kalmomin da aka ara tun ƙarnuka da suka wuce sun ci gaba da rayuwa a kowace ƙasa bisa tsarin rundunarta, ta yadda kalma guda kan nuna babban hafsa a Landan, a Faris kuma ta nuna ƙaramin soja.

Aron farko ya biyo bayan yaƙin Hastings na shekarar 1066, lokacin da William, sarkin yankin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, ya kafa sarautar da ta mayar da Faransanci harshen fada da kotu na kimanin shekara 300. A wannan zamani ne Ingilishi ya karɓi “army” daga “armée”, wato runduna, da “battle” daga “bataille”, wato gwabzawa a fagen fama. Ita kanta “soldier”, wadda Hausa ta mayar soja, tushenta kalma ce da ke nufin albashi, wadda ita ma ta fito daga sunan wani tsabar zinariya na Rumawa. Ma'anarta ta asali ke nan mutumin da ake biya domin ya yi yaƙi. “Sergeant” na nufin bara ko mai hidima, “lieutenant” kuma haɗin kalmomi biyu ne masu ma'anar mai riƙon wuri, wato wanda ke tsayawa a madadin shugabansa idan ba ya nan.

Aro na biyu ya zo ne a ƙarni na 16 da na 17, sa'ad da fasahar yaƙi ta koma hannun masu igwa da masu gina ganuwa. Wasu kalmomin na wannan lokaci daga Italiya suka taso, Faransanci ya zame musu zango kafin su isa Ingila. Misali mafi shahara shi ne “colonel”, wanda a asalinsa yake nufin jagoran dogon sahun mayaƙa. Ingilishi ya fara karɓarsa da sigar “coronel”, daga baya ya gyara rubutun ya bar lafazin yadda yake, shi ya sa har yau Baturen Ingila ke rubuta gaɓa uku yana furta biyu, kuma wannan lafazi ne Hausar Nijeriya ta bi ta ce kanar. Mutumin da ya fi kowa cusa kalmomin Faransanci cikin ilimin kewaye gari da kare shi shi ne Vauban, injiniyan Sarkin Faransa Louis na 14, wanda ya rayu daga 1633 zuwa 1707. A kewayen birnin Maastricht na 1673 ya yi amfani da dabarar haƙa ramuka jere da juna, kowanne yana ƙara kusantar ganuwa, domin sojoji su matso ba tare da harsashi ya same su ba. Masu wannan haƙa ana kiransu “sapeurs”, Ingilishi kuma ya ce “sappers”, sunan da har yanzu ake kiran ƙaramin sojan injiniya da shi a Birtaniya. Haka nan “glacis”, wato gangaren da ake sharewa a gaban ganuwa don kada maƙiyi ya sami maɓoya, ta shiga Ingilishi ba tare da an canja mata ko harafi ɗaya ba. A 2008 hukumar UNESCO ta sanya wurare 12 daga cikin gine-ginen Vauban a jerin kayan tarihi na duniya.

Daga zamanin Napoleon zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya aron bai tsaya ba. “Corps”, babban rukunin runduna mai iya yaƙi shi kaɗai na ɗan lokaci, da “reconnaissance”, fita leƙen matsayin abokan gaba, duk sun zauna a Ingilishi da rubutunsu na Faransanci. “Camouflage”, wato ɓad-da-kama, ta bazu ne bayan rundunar Faransa ta kafa sashe na musamman a 1915, inda ta ɗauki masu zane suna fentin igwogi da kayan yaƙi don su saje da ƙasa. Da yake Faransa na kan gaba a farkon ƙera jiragen sama, sunayen sassan jirgi da yawa nata ne: “fuselage” shi ne gangar jikin jirgi, “aileron” ƙaramin fiffiken da ke karkata shi, “hangar” kuma rumfar ajiyarsa. Hatta kiran neman agaji na “Mayday”, wanda taron ƙasa da ƙasa kan sadarwar rediyo ya amince da shi a Washington a 1927, lafazin Faransanci ne na “a taimake ni” da aka rubuta da haruffan Ingilishi.

Inda batun ya fi rikitarwa shi ne muƙamai. A rundunar Birtaniya da ta Amurka “major” hafsa ne da ke sama da kyaftin kuma ƙasa da laftanar-kanar, wanda Hausa ke kira manjo. A rundunar Faransa ta yau kuwa “major” ba ya cikin hafsoshi ko kaɗan. Shi ne ƙololuwar muƙamin ƙananan jami'ai, ajin su saje da samanja. Wanda ya yi daidai da manjo a can sunansa “commandant”, kuma ko wannan sunan yakan sauya da irin rundunar da mutum yake ciki, a ce masa “chef de bataillon” a sojan ƙasa masu tafiya da ƙafa, ko “chef d'escadron” a masu igwa. Lamarin “brigadier” ya fi wannan ban mamaki, domin a Ingilishi birgediya babban hafsa ne mai jagorantar dubban sojoji, alhali a rukunonin Faransa da suka gaji tsarin sojan doki daidai yake da kofur. A waɗannan rukunoni ne kuma ake kiran saje “maréchal des logis”, sunan da kan ruɗi mai fassara ya ɗauka ana maganar “maréchal”, darajar da babu ta sama da ita a Faransa. “Adjudant” muƙami ne na ƙaramin jami'i a Faransanci, amma “adjutant” a Ingilishi aiki ne da ake ba hafsa na kula da takardu da ladabtarwa a bataliya. Ƙirga taurari ma ba ya fitar da mutum daga ruɗu, saboda janar mafi ƙanƙanta a Faransa, “général de brigade”, taurari biyu yake sawa, takwaransa na Amurka kuwa ɗaya, kuma wannan tazara ta tauraro guda tana bin sauran matakan har sama.

Wannan bambanci ya ratsa ƙasar Hausa tun zamanin mulkin mallaka, domin sojan Nijeriya ya gaji tsarin rundunar da Birtaniya ta kafa a Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19, na Nijar kuma ya gaji na Faransa. Daouda Malam Wanké, wanda ya karɓi mulkin Nijar a 1999, “commandant” ne, Salou Djibo na 2010 kuma “chef d'escadron”. Dukansu biyu manjo ne a ma'aunin Nijeriya, ko da yake babu ɗayansu da aka kira “major” a gida. Rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, wadda aka sake wa fasali a 2015 da hedikwata a Njamena, ta haɗa hafsoshin da aka horar da Ingilishi da waɗanda aka horar da Faransanci a ofis guda, inda sanin wanda ke gaba da wani a muƙami ya zama bukatar aiki ta kullum.

Akwai kuma kalmomin da ba su da takwara, saboda abin da suke nufi babu shi a ɗaya ɓangaren. Jandarma soja ne da ke aikin ɗan sanda, musamman a karkara da kan manyan hanyoyi. Rundunarsu a Faransa ta sami sunanta na yanzu a 1791, kuma Birtaniya ba ta da irinta, don haka fassara ta da 'yan sandan soja kuskure ne, tunda su 'yan sandan soja, sojoji kawai suke hukuntawa. Masu kashe gobara na birnin Faris ma sojoji ne tun 1811, abin da ya sa sunansu, “sapeurs-pompiers”, yake ɗauke da kalmar mahaƙan nan na zamanin Vauban.

A ƙarni na 20 akalar aro ta juya, Ingilishi ya zama mai bayarwa, Faransa kuma ta riƙa ƙirƙirar nata sunayen. Tankar yaƙi ta zama “char”, tsohuwar kalma mai nufin keken yaƙi. Kwamfuta ta zama “ordinateur” a 1955, bisa shawarar da malamin jami'a Jacques Perret ya ba kamfanin IBM. Dokar Toubon ta 1994 ta wajabta amfani da Faransanci a harkokin hukuma, amma duk da haka “radar” da “drone” sun shige sun zauna, domin mai aiki da na'ura ba ya jiran kwamiti kafin ya ba ta suna.

Ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda Faransawa ke kira OTAN, harsunan aikinta biyu ne, Ingilishi da Faransanci, kuma hakan bai canja ba ko a tsakanin 1966 da 2009, lokacin da Faransa ta janye daga haɗaɗɗen shugabancin sojanta. Ƙungiyar na da ƙamus mai suna AAP-6 da ke ba da ma'anar kowace kalma a harsunan biyu, amma game da muƙamai ta kauce wa kalmomi gaba ɗaya ta koma ga lambobi: hafsoshi daga OF-1 zuwa OF-10, sauran sojoji daga OR-1 zuwa OR-9. A wannan ma'auni “commandant” na Faransa da manjon Birtaniya duka OF-3 ne, shi kuwa “major” na Faransa yana OR-9.