Wayar Zaren Gilashi A Kan Turakun Lantarki

Maimakon haƙa rami, kamfanonin lantarki sukan rataya wayar sadarwa ta zaren gilashi a kan turakunsu. Wadda ake kira ADSS ba ta da ƙarfe ko kaɗan. Zaren aramid ke ɗauke da nauyinta, har akan ɗaura ta ba a kashe wuta ba.

To, amma wajen zaɓe ba tazarar turaku da ƙarfin iska kaɗai ake dubawa ba. Inda ƙura ko gishirin teku ya kwanta a kanta, raɓa kuma ta jiƙa shi, sai tartsatsi ya yi ta cin fatar wayar har ta tsinke. Saboda haka a manyan layuka, kamar masu volt 132,000, lalle a nemi mai fata da ke jure tartsatsi, ko da ta fi tsada.