Me Ya Sa Kifi Ke Mutuwa Da Asuba A Lokacin Bazara?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Yamai, koken masu kiwon kifi kusan iri ɗaya ne. Kifi ya rage ci, ya taso saman ruwa da sassafe yana ta buɗe baki, bayan 'yan kwanaki gyambo ya fito masa, sai mutuwa ta biyo baya. Abin da mai kifi ke fara yi shi ne garzayawa shagon maganin dabbobi. Sai dai masana sun daɗe da gano cewa cutar da ake gani a fatar kifi sau da yawa daga baya take zuwa. Matsalar daga ruwa take farawa: ya yi zafi, iskar da ke cikinsa kuma ta yi ƙaranci.

Kifi ma iskar oksijin yake shaƙa kamar mu, amma wadda ta narke a ruwa, kuma ba ta da yawa. Oksijin ɗin da ke cikin lita guda ta ruwa bai wuce kashi ɗaya cikin talatin na wanda ke cikin lita guda ta iskar sarari ba. Ga shi kuma yana raguwa idan ruwa ya ɗumama. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe kimanin miligiram 9 a kowace lita. Idan ya kai digiri 30 sai ya koma 7.6, a digiri 35 kuwa bai kai 7 ba. Wannan lissafin ruwa mai tsabta ne. Ruwan da kashin kifi da ragowar abinci suka ruɓe a ciki ba ya ko kusa da haka, domin ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da dattin su ma oksijin ɗin suke ci.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, kifi ba ya iya daidaita zafin jikinsa. Yadda ruwa yake, haka jininsa yake. Duk ƙarin digiri 10 kan sa aikin jikinsa ya kusan ninkawa: zuciya ta ƙara bugu, narkar da abinci ta ƙara sauri, buƙatar oksijin ta ƙaru. Ke nan a daidai lokacin da kifi ya fi buƙatar iska, a lokacin ne ruwa ya fi rowarta.

To me ya kawo asuba cikin maganar? Koren ruwan kududdufi cike yake da ƙananan tsirrai dangin gansakuka. Da rana suna samar da oksijin ta hanyar hasken rana, har ruwa ya cika da shi wajen la'asar. Da rana ta faɗi sai su daina samarwa, su koma ci tare da kifi da bakteriya. Haka za a kwana ana zuƙa ba mai mayarwa, shi ya sa iskar ta fi yin ƙasa gab da fitowar rana. Kwanakin hadari ko ƙura mai tare rana sun fi haɗari. Haka ma ruwan farko na damina: yakan sanyaya saman kududdufi mai zurfi, ruwan ƙasa da ya daɗe babu iska ya juyo sama ya gauraye da sauran. Masu kiwo dai suna son oksijin ya tsaya wajen miligiram 5 a lita; idan ya sauka ƙasa da 2, an shiga yankin asara.

Idan iska ta yi ƙaranci, jikin kifi yana da dabarunsa. Murfin da ke gefen kansa zai riƙa buɗewa yana rufewa da sauri don tura ruwa mai yawa ta kan jajayen mashaƙunsa. Saifa za ta sako ƙarin jajayen ƙwayoyin jini. Zai daina cin abinci, domin narkar da abinci ma oksijin take ci. Amma kowace dabara da kuɗinta. Yawan ruwan da ke bi ta mashaƙa yana zubar masa da gishirin jiki, yana kuma kawo masa ƙwayoyin cuta daidai wurin da fatarsa ta fi siranta. Gubar amoniya da ke fitowa daga jikinsa ita ma ta fi illa a ruwa mai zafi, kuma mashaƙar take fara ƙonawa.

A nan maganar garkuwar jiki ke shigowa. Kifin da ke cikin ƙunci yana sakin wani sinadari mai suna kotisol, wanda ke tattara ƙarfin jiki zuwa ga tsira a wannan lokacin. Idan ƙuncin na 'yan sa'o'i ne, babu laifi. Idan ya zama na kullum, asuba bayan asuba, sai kotisol ya danne fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, ya rage sinadaran kariya da jiki ke haɗawa, ya jinkirta warkewar rauni. Yauƙin da ke jikin kifi, wanda shi ne katangarsa ta farko, shi ma yakan lalace. Su kuwa bakteriya, zafi ƙara musu hayayyafa yake yi. Aeromonas, mai haddasa gyambo da kumburin ciki a tarwaɗa, dama tana nan cikin kusan kowane ruwa ba ta yi wa lafiyayyen kifi komai. Streptococcus, mai sa idon karfasa ya fito ta riƙa juyi a ruwa, ta fi ɓarna idan ruwa ya kai digiri 30 ko fiye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba duk kifi ne juriyarsu ɗaya ba. Gaiwa tana da huhu, har takan binne kanta cikin laka ta wuce rani. Tarwaɗa tana da wata gaɓa mai rassa a saman mashaƙarta da take shaƙar iskar sarari da ita, abin da ya sa ake iya cunkusa ta a tankin siminti ko na roba, kuma ya taimaka Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen kiwonta. Amma wannan baiwa tana yaudarar mai kiwo. Tarwaɗa ba ta saurin mutuwa a gurɓataccen ruwa, sai dai ta daina girma, ta riƙa rataye a saman ruwa kai sama wutsiya ƙasa, abinci yana tafiya a banza. 'Ya'yanta kuwa a makonnin farko wannan gaɓa ba ta gama fitowa ba, don haka a wurin ƙyanƙyasa ake fi yin asara. Karfasa da giwan ruwa ba su da irin wannan mafita sam.

Sanyi ma yana da nasa. A hunturu, idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, karfasa da tarwaɗa sukan rage ci, garkuwarsu ta yi nauyin tashi, wata farar funfuna mai kama da auduga ta kama fatar da ta ji rauni. Tsakanin digiri 26 zuwa 30 suka fi walwala.

Lamarin bai tsaya a gona ba. A garin Menindee na Ostireliya, kifaye sun mutu birjik a kogin Darling a ƙarshen 2018 da farkon 2019 lokacin fari, sannan a watan Maris na 2023 miliyoyi suka sake mutuwa bayan ambaliya ta janye, zafi ya biyo baya. Duka biyun ƙarancin oksijin ne ya kashe su. Yayin da duniya ke ƙara ɗumama, masuntan Kainji, Tiga da Tafkin Chadi suna da dalilin sa ido.

Abin da mai kiwo zai yi ba ɓoyayye ba ne. A rage yawan kifi a tanki kafin bazara ta kankama, a yi wa tankin rumfa, a rage abinci a ranakun tsananin zafi, kada kuma a ba su cikin tsakar rana ko da duku-duku. Tantance kifi da jigilarsu a bari sai da sanyin safiya. Ruwan rijiyar burtsatse yakan fito kusan babu oksijin, saboda haka a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. Mai injin hura iska ya kunna shi daga tsakar dare zuwa hantsi. Zuba maganin kashe bakteriya a ruwan da ba shi da iska asarar kuɗi ne, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magungunan da mutane ma ke sha.

Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa a jihar Neja da malaman gona na jihohi suna da aiki a gabansu: koya wa masu kiwo awon ruwa. Ma'aunin zafi ba shi da tsada, na oksijin kuwa ƙungiyar masu kiwo za ta iya haɗa kuɗi ta saya, a riƙa zagayawa da shi gona-gona. Wanda ya san zafin ruwansa da yawan iskarsa zai ga matsala tun kifi bai fara gyambo ba.