Zaure a Gidajen Sarauta na Karkara

Gabatarwa

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar gidan Bahaushe kuwa ita ce zaure, wanda Kanawa suka fi kira soro. A wannan maƙala za a dubi zaurukan gidajen da sarakuna da hakimai suka gina a bayan gari, da dalilin da ya sa ya kamata a kula da su.

Gidajen

Ban da Gidan Rumfa, wanda Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa, sarakunan Kano suna da gidaje a karkara, kamar na Fanisau da Ɗorayi da Takai. Fanisau ribaɗi ce ta zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819-1846), lokacin yaƙinsa da Ɗantunku, kuma can Kyaftin Clapperton ya je ya gaishe shi a 1824. A ƙasar Bauchi akwai Gidan Madaki na Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. A 1956 hukuma ta sanya gidan cikin kayan tarihin ƙasa.

Aikin Zaure

A irin waɗannan gidaje zaure ba ya zama ɗaya. Daga na farko sai a faɗa fili, sannan wani zauren, har a kai shigifa, wadda daga ita sai cikin gida. Ba a yin ƙofofin saitin juna, don kada idon mai wucewa ya kai ga iyali. Gwargwadon matsayin baƙo, gwargwadon zauren da zai tsaya. Talaka mai kawo ƙara iyakarsa na farko, aminin maigida kuwa a shigifa ake ganawa da shi. Wato ginin da kansa yana gaya wa kowa iyakarsa, ba sai dogari ya buɗe baki ba.

Yadda Ake Gina Shi

Da tubali ake ta da bango, ƙasansa da kauri, yana sirancewa zuwa sama. Rufi kuwa da azara ake yi, wato tsagin giginya, saboda gara ba ta cika cin ta ba. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta wuce wajen ƙafa 6. Wannan ne ya sa magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake jera azara bisa azara, ana tanƙwaro ginin har ya haɗu a tsakiya. Da haka ake samun zaure mai faɗi ba ginshiƙi. A waje akan yi yaɓe da makuba, a shafe rufi da laso, a sa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango, a ƙawata saman da zankwaye.

Kammalawa

Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe a kai a kai. Inda aka gaji aka shafe shi da siminti, laima kan maƙale a ciki, bango ya ruɓe ba a sani ba sai ranar da ya zube. Idan zaure ya faɗi aka maye shi da ƙyauren ƙarfe, maginin da ya iya ɗaurin guga ya rasa inda zai koya wa ɗansa, kalmomin sana'ar kuma su bi shi kabari. Saboda haka wajibi ne masu nazarin Hausa su riski tsofaffin magina, su auna zaurukan, su rubuta sunan kowane sashe tun ana iya nuna shi da yatsa.